Biyar, Shida, Bakwai, Takwas: Wasiƙa Zuwa Ga Bawana Bazazzagi

Zuwa ga bawana, Bazazzagin Amurka,

Gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da kuma gwiwoyinka biyu, waɗanda aka ce kwanan nan sun fi kowa shan wuya a gidan. A gaishe su da kyau, a ce mutanen Kano suna yi musu jaje.

Labari ya iso Ƙofar Mata, ya zaga Kurmi, ya kwana a Kantin Kwari: wai ka shiga makarantar koyon rawa. Ba Koroso ba, ba Asauwara ba, rawar hip-hop, wadda yaran Amurka suke yi da hula a juye. Masu kare maka mutunci sun yi ta rantsuwa cewa sharri ne. Suka ce mutumin da ya ba hamsin baya, ga furfura a gemu, ga digiri biyu daga Samaru, ba zai tsaya gaban madubi yana karkaɗa kafaɗa ba. Ana cikin musu sai 'yarka, Allah Ya yi mata albarka, ta turo hujja ta waya. Masu rantsuwa yanzu suna lissafin kaffara.

An ce likita ne mafari. Ya auna ka, ya ga sukari ya hau, jini ya hau, tumbi kuma ya sauka, tunda wuni kake zaune cikin tasi kana gyara wa fasinjoji Turancinsu. Ya ce ka motsa jiki. Da Bakano aka faɗa wa haka, sai ya riƙa zuwa kasuwa a ƙasa, ya rage teɓa, ya kuma adana kuɗin mota. Amma Bazazzagi, ko tari aka ce ya yi, sai ya tambayi ina makarantar da ake koyarwa, nawa ne kuɗin fom, kuma in an gama ana ba da satifiket?

Na ga ajin naku. Ɗaki ne mai faɗi a saman wani kanti, bango guda madubi ne daga ƙasa har sama, daɓen kuma katako ne da aka shimfiɗa yadda zai ɗan ba da kai in an dira, don kada ƙasa ta ci gwiwar mutum. Malamin naku bai wuce sa'ar ɗanka na fari ba. Kai da ka saba a durƙusa a gaishe ka, yau yaro ne yake tafa hannu yana cewa a sake, kana sakewa. Kowa ya zo da gorar ruwa da tawul, kai ka zo da littafi da biro. Kowa ya sa takalmin roba da wando sako-sako, kai ka soke riga cikin wando ka ɗaure da bel, don kada a ce ɗan Zazzau ya zo aji ba shiri.

Da malamin ya ɗaga murya ya ce biyar, shida, bakwai, takwas, kowa ya zabura. Kai kuwa ka ɗaga hannu kana tambayar ina aka kai ɗaya zuwa huɗu. Bari ubangidanka ya warware maka, kyauta. Kiɗan bugu huɗu-huɗu yake tafiya, masu rawa kuma sukan haɗa biyu su ƙirga takwas-takwas. Biyar zuwa takwas ɗin nan sanarwa ce kawai, domin ƙafar kowa ta sauka tare a kan ɗayan da ke tafe. Ba a sace komai ba, ba sai an kafa kwamitin bincike ba.

Darasin farko ma ba rawa ba ce tukuna. A saki gwiwa ne, jiki ya riƙa sauka yana tashi tare da bugun ganga, sannan a koyi lilo gaba da baya. Wanda bai samu wannan ba, ko ya haddace taku ɗari, faretin soja yake yi. Bayan nan sai raba gaɓoɓi: wuya ya motsa kafaɗa tana tsaye, ƙirji ya fita ƙugu bai sani ba. To a nan aka ji ku. Kai in ka motsa wuya, har ɗan yatsan ƙafarka sai ya biyo shi, don jikinka ya rantse ba zai rabu ba. Da aka ce kowa ya zame hagu, aji ya yi hagu, kai ka yi dama kana jan gefe guda kamar kurar 'yan garuwa da tayarta ɗaya ta sace, har ka taka wata baiwar Allah. Ban ga laifinka ba. Mutanen da har yau ba su gama raba "ya zo" da "ta zo" ba, ina za su raba hagu da dama a cikin madubi?

Amma duk wannan ƙaramin abin dariya ne. Babban shi ne unguwar da kake zaune. Bawana, a Bronx ta birnin Niyok fa kake! Da a Tudun Wada ka shiga wannan aji, sai in ce nesa ce ta sa. Amma kai kana kwana kana tashi a mahaifar abin, kana biyan dala ana koya maka shi da cokali.

Akwai wani dogon gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick, na san ka sha sauke fasinja a kusa da shi ba ka ko ɗaga kai ba. Ranar 11 ga Agusta 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a ɗakin taron gidan, don ta tara kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Mata su biya santi 25, maza santi 50. Ka ji yarinya mai kan kasuwa. In aka bi salsala, ba za a rasa jinin Kano a jikinta ba. Wanta Clive, haifaffen Jamaika, ɗan shekara 18, shi ya kula da faifai. Shi ne duniya ta sani da DJ Kool Herc, kuma wannan dare ne ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip-hop.

Abin da Herc ya gano ba a littafi ya karanta ba. Ya lura cewa masu rawa jira suke a zo gaɓar da mawaƙi zai yi shiru, ganguna su rage su kaɗai, irin wadda ake samu a faifan James Brown. Gaɓar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya nemi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora a kan na'ura biyu, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mayar da na farkon baya. Daƙiƙoƙi suka zama mintoci. Samarin da suke faɗawa fili a wannan gaɓa su ne 'yan rawar birekin na farko.

Kuma kada ka zaci daɗi ne ya yi musu yawa. Bronx ta wancan zamani kango ce. Babbar hanyar da mai tsara birni Robert Moses ya keta ta tsakiyarta ta tarwatsa unguwanni, masu hali suka kwashe suka bar wurin, ayyukan yi suka bi su. Wasu masu gidajen haya har sawa suke a cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin Niyok kansa ya kusa tsiyacewa, a 1977 kuma Shugaba Jimmy Carter ya je titin Charlotte ya tsaya cikin ɓaraguzai yana kallon ikon Allah. A cikin wannan hali ne yaran baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico suka riƙa jona lasifikarsu a jikin turakun fitilun titi, su shimfiɗa kwali ko tsohuwar ledar ɗaki a gefen hanya, su yi da'ira. Babu fom, babu malami, babu na'urar sanyaya ɗaki. Madubinka shi ne idon abokin karawarka: in ka yi abin kirki ka ji ihu, in ka yi shirme ka ji wani irin ihun. Ƙungiyar Rock Steady Crew, wadda aka kafa a 1977, daga irin wannan da'ira ta fito, har ɗan ƙungiyar, Crazy Legs, da abokansa suka kai rawar Landan da Faris.

To ka gani. 'Ya'yan talakawa sun ƙirƙiri abu a kan kwali saboda ba su da kuɗin shiga ko'ina, shekara hamsin bayan haka Bazazzagi ya tsallaka teku ya zo yana biyan kuɗin shiga. Abin da kake bayarwa a darasi ɗaya, da a bikin Cindy ne, ya shigar da kai da duk layinku na Ƙofar Doka.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Bakano ba ya ganin komai sai kuɗi, ko jana'iza ya je sai ya tambayi nawa aka sayi likkafani. Na ji, na karɓa. Shi ya sa da ni ne a Bronx, ni zan buɗe makarantar, kai kuma ka zo ka cike fom. Yanzu ma ƙofa a buɗe take: akwai kwalaye jibge a kasuwar Singa, in cika kwantena in aiko maka, ka riƙa sayar wa 'yan ajinku a matsayin daɓen gargajiya na asali. Riba biyu bisa uku tawa.

Tunda ka fi gane abu in an tsara maka shi babi-babi, buɗe littafin naka. Abin da aka tattara aka kira rawar titi ba iri ɗaya ba ne, ba kuma gari ɗaya ya haife shi ba. Birekin na Bronx ne. Mai yin sa yakan fara a tsaye yana taku, sannan ya zube ƙasa, ya dafa hannu ƙafafu suna kewaya shi, daga nan ya shiga juyi a kan gadon baya ko a kan ka, ya rufe da sandarewa wuri guda, wani lokaci ƙafa a sama. Kai daga wannan jeri, zubewa ƙasa kaɗai na tabbata za ka iya, ita ma ba da niyya ba.

Can Kalifoniya kuwa nasu daban. A Los Angeles, wajen 1970, wani saurayi Don Campbell ya fito da rawar kulle gaɓoɓi: a yi motsi da sauri, a tsaya cak, a nuna wani da yatsa, a ci gaba. Shirin talabijin na Soul Train ya yaɗa ta, Don kuma ya kafa ƙungiyar The Lockers. Yadda ake ba da labarin, wata rawar yayi ya so ya kwaikwaya ya kasa, yana zuwa tsakiya sai hannunsa ya maƙale, mutane suka ga abin ya yi kyau. Wannan labari na ajiye maka shi musamman, don ka san akwai fata. Mutum ɗaya ya kasa rawa ɗaya ya kafa salo. Kai da ka kasa dukkansu, Allah kaɗai Ya san yawan salon da za ka bar wa duniya.

A garin Fresno kuma, cikin shekarun 1970, Boogaloo Sam ya shahara da rawar zabura, inda ake ɗaure tsoka a sake ta a kan kowane bugu, jiki ya riƙa fizga. Zamiyar baya da Michael Jackson ya yi a bikin Motown a 1983, wadda ta rikita duniya, ba shi ya ƙirƙira ba, a wurin masu rawar titi ya koya. Wani mai rawa, Jeffrey Daniel, ya riga shi nuna ta a talabijin ɗin Ingila a 1982, shi ne kuma daga baya ya zo nan Najeriya ya yi alƙalanci a gasar Nigerian Idol. Finafinan Beat Street da Breakin' na 1984 suka ƙarasa aikin, rawar ta shiga kowace ƙasa ta kaset ɗin bidiyo. Daga nan masu makarantun rawa suka hango kasuwa, suka ɗauko ta daga titi suka kai ta gaban madubi, suka yanka ta takwas-takwas yadda za ta koyu. A lokacin da sa'o'inka suke gurje gwiwa a Sabon Gari suna kwaikwayon waɗannan finafinai, kana laburare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai ka bari ya zama azara.

Kada ka ce ilimi zai cece ka, don an gwada. A gasar Olamfik ta Faris, ranakun 9 da 10 ga Agusta 2024, aka shigar da birekin karon farko, a dandalin Concorde. Ami ta Japan ta ci zinare a ɓangaren mata, Phil Wizard na Kanada a na maza. Amma wadda duniya ta fi tunawa ita ce Rachael Gunn ta Ostireliya, malamar jami'a a lokacin, wadda ta yi digirinta na dakta a kan wannan rawa. Ta yi karawa uku, alƙalai tara suna zaune, ba ta samu ƙuri'a ko ɗaya ba. Tun da na ga wannan na ce lalle matar nan tana da dangi a Zariya. Dalili kuwa a fili yake: a wannan fage ba kai kake zaɓar kiɗa ba. Mai faifai ya saki abin da ya ga dama, kai kuma ka amsa nan take, ana duba ƙwarewarka, da yawan salonka, da tsabtar aikinka, da yadda ka bi kiɗa, da abin da ka zo da shi naka na kanka. Babu tambayoyin bara da za a haddace. In kuma kana tanadin kanka don gasar 2028 ta Los Angeles, huta, ba a sa birekin a cikinta ba. Ina jin labarinka ne ya kai musu.

Sai gargaɗi, wannan kuma da gaske nake. Na ji kana tambayar yaushe za a zo darasin juyi a kan ka. A 2024 wasu likitoci a Kofanhegan ta ƙasar Denmak suka wallafa labarin wani mutum da ya shekara 19 yana wannan juyi. Gashin tsakar kansa ya zube, wani ƙululu ya tsiro a wurin, sai da aka yi masa tiyata. Shi fa ɗan shekara talatin da 'yan kai ne, kuma gwani. Kai sanƙo ya riga ya share fili, saura gini. Ka tuna da zannar da na aiko maka da Sallah: a kan mutum aka auna ta, ba a kan tulluwa ba. Ban da wuya, da wuyan hannu, da ƙashin baya, waɗanda a shekarunka in suka yi fushi ba sa karɓar biko. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka, kai kada ka yi ka sha ɗori.

Yanzu matso kusa in faɗa maka wata magana, amma in ka maimaita ta a gaban Zagezagi zan ce ban san zancen ba. Ka burge ni. Dattawanmu nawa ne a can suke fita aiki da duhu su dawo da duhu, daga kujerar mota zuwa kujerar falo, hunturu ya kulle su wata da watanni, har ranar da za a bugo waya a ce an kwantar da su? Mu nan girma ya hana mu gudu, ya hana mu tsalle, bai kuma hana mu shan ƙwayoyin hawan jini safe da yamma ba. Namijin da zai ajiye girma a bakin ƙofa tare da takalmi, ya tsaya a bayan yara ya yi kuskure a yi masa dariya, mako na zagayowa ya dawo, ba ƙaramin namiji ba ne. Awa guda ta irin wannan rawa tana sa zuciya aiki, tana ƙarfafa ƙafa, tana tilasta wa ƙwaƙwalwa riƙe jerin taku. Shekaru ma ba su ne ƙarshen zance ba: Ayumi ta Japan tana da shekara 41 ta kai zagayen 'yan takwas a Faris, tana karawa da yaran da ta isa ta haifa.

Saura abu ɗaya, shi ne kuma dalilin wannan wasiƙa. An ce a ƙarshen kowane darasi malamin yakan juya wa madubi baya, a yi da'ira, kowa ya shiga tsakiya ya yi abin da jikinsa ya ba shi. An kuma ce daidai lokacin ne kullum wayarka take ƙara, ka fita kana "halo, halo" da wayar da ba kowa a kanta. Bawana, duk abin da ya gabata share fage ne, da'irar nan ita ce rawar. Ita kaɗai ce ta rage daga abin da yaran titin Sedgwick suka bari, ita kaɗai ce kuma ba a rubutawa a allo. Ka biya kuɗin tuwo kana ta cin miya.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Littafi da biro su zauna a mota. Bel ya huta. Kanka ya tsaya a sama inda Allah Ya ajiye shi, ƙafa a ƙasa. Mako mai zuwa in an yi da'ira, kai ne na farkon shiga, ko da lilon gaba da baya kaɗai za ka yi. In ka faɗi, gwanin rawa ma yakan faɗi, balle Bazazzagi. Ka tashi ka karkaɗe wando ka ce salon Zazzau ne, babu wanda ya taɓa zuwa can balle ya ƙaryata ka.

In Allah Ya kawo ka gida, na riga na yi magana da 'yan Koroso. Za mu share fili a gindin Dala, su da kacau-kacau a ƙafa, kai da hularka a juye, jama'a su yi alƙalanci. Ni ne mai karɓar kuɗin ƙofa.

Watan Cika-ciki kuma ya ƙarato, kuɗin sharata na bara ma ba su iso ba. Mutumin da yake da dalar biyan kuɗin tsalle ba zai yi mini kukan babu ba. A turo a dala, kada a canza, ni na san inda ake canji.

Naka,
Ubangidanka Bakano.